Fiton Da Ke Cikin Waƙar Umma

SHAFI NA 17

Sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce ta bar wanki a jiƙe tana jira. Waɗanda suka shigo mana yau, ku matso kusa, ga inda muke.

Mutum uku ne, kowa da abin da ya rasa.

Abba mai gyaran rediyo da lasifika ne, shagonsa na tsakanin na mai aski da na mai facin taya. A da mawaƙi ne. Ya yi waƙa goma sha ɗaya, babu wadda ta tsallake unguwarsu. Yana da kunne, yana da hannu, amma bai taɓa samun ranar da baƙo ya tsayar da shi a hanya ya ce, "Ba kai ne wane ba?"

Umma 'yar amshinsa ce kafin ta zama matarsa. Ranar da ta ce tana so ta yi tata waƙar, dariya ya yi ya ce, "Muryarki ta amshi ce." Daga wannan maganar auren ya fara tsagewa, shekara biyu da suka wuce ya ƙarasa rabewa. Yau ita ce mai *Ga Makullinka*, waƙar rabuwar da ake ji a kowace tasi. Abin da ita ta rasa, ba ta faɗa wa kowa.

Sai 'yarsu, mai shekara goma, wadda ake kira Ɗigo saboda ƙanƙantar da aka haife ta da ita. Kwana shida tana wurin Umma, Asabar tana shagon Abba. Ba ta da wuri ko ɗaya a duniya da za ta ga su biyun tare.

Abu ɗaya take da shi. Kullum ƙarfe shida na safe, saƙon murya yana shigowa ƙaramar wayar da Abba ya saya mata: fito mai gaɓa biyar, sannan muryarsa, "Tashi, Mamana, makaranta." Shekara biyu bai taɓa fashi ba.

Tun ranar da waƙar Umma ta fita, saƙon ya daina zuwa. Yau kwana goma sha tara.

*

Asabar ɗin nan Ɗigo na zaune a kan ɗan benci a lungun shago, tana ware ƙusoshi manya da ƙanana cikin gwangwanaye biyu. Abba ya gama ɗaure bayan wata lasifika, ya miƙa wa direban da ya kawo ta wayar jonawa.

"Jona ka gwada."

Direban ya jona, ya latsa. Muryar Umma ta cika shagon.

*Ga makullinka, na ajiye a kan taga,*
*Ban ɗauki komai ba sai muryata.*

Daga nan kiɗan ya ja baya, sai wani fito mai kauri, a hankali, gaɓa biyar. Direban ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

"Kai! Wurin nan ne yake kashe ni, Malam."

"Ba ka da wata waƙar ne a wayar?"

"Akwai, amma da wannan ake gane lasifika mai kyau."

Shi ne mutum na huɗu da ya yi gwaji da ita tun safe. Abba ya zare wayar da ƙarfi har lasifikar ta yi ƙara.

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. Duk unguwar an san shi, idan bai tsokani mutum ba ranar ba ta yi masa daɗi.

"Maƙwabci, miliyan shida!"

"Miliyan shida na me?"

"Na kallo mana. Jiya da yamma miliyan biyar da rabi ne. Ni kaɗai na ba da wajen ɗari."

"Je ka ƙarasa wa mutum askinsa, ka bar shi da rabin kai."

"Zai jira, shi ma ita yake ji." Ya shigo ya miƙa wayarsa. "Ka ga wannan?"

Ɗigo ta ɗaga wuya. Hoton Umma ne a gidan rediyo, ita da Injiniya, saurayin da ya haɗa mata kiɗan, suna riƙe da wani allon gilashi, suna dariya.

"Karanta ƙasa," in ji mai aski. "Kowa tambayarsa ɗaya, wane ne mai fiton? Yara har gasar kwaikwayonsa suke yi. Wannan ta ce Injiniya ne. Wannan ya ce ai ba a irin wannan fiton sai ga wadda ake so. Wannan kuma ta ce a sa rana kawai, ita za ta kawo kujeru."

Abba bai karɓi wayar ba. Ya ɗauki sukuddireba ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Ka san wanda ya ƙirƙiri fiton nan?"

"Ka faɗa min sau bakwai."

"Ni ne! A bayan katangar gidansu, lokacin ko waya ba ni da ita. In na yi shi, ta san na zo. Babu mahalukin da ya san shi sai ni da ita da yarinyar nan. Ta ɗauka ta kai wa wani ƙato, ta zauna ta koya masa baki da baki."

"Baki da baki kuma, Maƙwabci?"

"To da me ake koyon fito? Da gwiwa?"

Direban ya tuntsire da dariya, ya ga fuskar Abba, ya haɗiye sauran.

"Kuma ko iyawa bai yi ba," Abba ya ci gaba. "Sake kunnawa. Ji nan. Ji! Kafin gaɓa ta uku yana jan numfashi kamar wanda ya hau bene da buhun siminti. Wannan fito ne? Ni shekara ashirin ina aikin sauti, kunnena ba ya ƙarya. Wannan fiton rago ne."

Ƙusa ta suɓuce daga hannun Ɗigo ta gangara ƙarƙashin tebur. Ta bi ta, ta daɗe a can ƙasa fiye da yadda neman ƙusa yake buƙata.

Domin ita ta san mai fiton.

Wata uku da suka wuce, bayan an tashi daga makaranta, tana zaune a situdiyo tana aikin lissafi, Umma da Injiniya suna fama da waƙar. Komai ya zauna sai wuri ɗaya: bayan amshi akwai wani fili na daƙiƙa takwas da ya ƙi cika. Suka sa jita, Umma ta ce ya yi zaƙi da yawa. Suka sa sarewa, ta ce kamar tallan sabulu. Suka sa fiyano, ta ce kamar ana jiran likita. Ta gaji ta fita amsa waya.

Ɗigo ta kunna saƙon Abba na safiyar ranar, don kawai ta ji shi. Injiniya ya zare abin kunnensa.

"Ƙanwata, sake kunna wannan."

Ta sake.

"Na wane ne?"

"Nawa ne," in ji ta. Kuma ba ƙarya ta yi ba, ita aka turo wa.

Ta tura masa. Ya yanke maganar ƙarshen, ya ja fiton ya yi tsawo, ya sauke shi ya yi kauri, ya sa masa amo kamar daga wani ɗaki mai nisa yake zuwa. Da Umma ta dawo ya kunna mata. Ta tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, ba ta motsa ba har ya ƙare. Ta ce, "Bar shi haka." Ba ta tambayi inda aka samo ba, Ɗigo kuma ba ta faɗa ba.

A ranar ta yi murna har ta kasa cin abinci. Ga Umma, ga Abba, a wuri ɗaya, minti uku da rabi, duk lokacin da ta so.

Ba ta san saƙon safe ne zai biya kuɗin ba.

"Mamana, fita daga nan ƙasa, sa takalminki."

Ta ɗago. Abba ya riga ya cire rigar aiki, yana jan ƙofar shago.

"Ina za mu, Abba?"

"Za mu je in ga bakin da ya yi fiton nan."

"Maƙwabci, wasa nake yi fa," in ji mai aski, yanzu babu dariya a fuskarsa. "Kar ka je da yarinya."

"Ai ita ce shaidata. Tun tana zanen goyo take jin sa."

*

Situdiyon a hawa na biyu yake, saman wani shagon sayar da fenti. Duk tsawon hanya a bayan babur Ɗigo tana shirya maganar a bakinta, iska tana kwashewa. A matakala ta kama gefen rigarsa.

"Abba..."

"Kar ki ji tsoro, ba dukansa zan yi ba."

Ya tura ƙofar bai ƙwanƙwasa ba.

Ɗaki ne ƙarami mai sanyi, an manne bangonsa da baƙin soso. Injiniya na gaban kwamfuta, siriri, da tabarau. Bayan gilashi Umma ce tsaye gaban makirufo, abin kunne a kanta, suna gwajin waƙar da za ta rera a babban taron Asabar mai zuwa. Da ta hango su ta tsaya a tsakiyar kalma.

Injiniya ya miƙe da sauri. "Sannu da zuwa, Malam. Ai kuwa kamar ka san..."

"Zauna. Kai ne mai kwamfutar?"

"Ni ne."

"Yi min fito."

"Na'am?"

"Fito. Ba kai ne gwanin gari ba? Yi in ji."

Umma ta buɗe ƙofar gilashin ta shigo. "Abban Ɗigo, lafiya? Nan wurin aiki ne."

"Sannu, babbar mawaƙiya. Ba da ke nake ba tukuna." Ya juya. "Ina jin ka, yaro."

Injiniya ya dubi Umma, ya dubi Ɗigo, ya tura leɓe. Iska ce ta fita, da ɗan yawu da ya sauka a kan tabaransa. Ya sake gwadawa. Wannan karon sautin ya yi kama da tayar keke da ta yi faci.

"Wallahi ban iya ba, Malam. Tun ina yaro ake min dariya."

"Ƙarya kake. Kana jin tsoro ne."

"Tsoron ma ina ji, amma ban iya ba."

"To wane ne? Wani ne daban?" Ya juya ga Umma. "Su nawa ne? Ki zage ni a waƙa, na haƙura. Ki ce wa duniya kin ajiye min makulli a taga, na haƙura, ko da yake a kan firji kika ajiye shi. Amma fiton nan? Shi ma sai kin ba wani? Ba ki bar min komai ba ke nan?"

"Ka gama?"

"Ban gama ba! Kuma da kika tashi bayarwa, sai kika ba wanda ko numfashi bai iya riƙewa ba."

Umma ta yi wata gajeriyar dariya da ba ta da daɗin ji. Ta buɗe baki za ta yi magana.

"Ni ce."

Duka suka juyo. Ɗigo ba ta san muryarta za ta iya yin ƙarfi haka ba.

"Ni na ba shi. Daga wayata. Naka ne, Abba."

"Mamana, ba a sa baki in manya suna magana."

"Naka ne! Na ranar Laraba, ranar da kake mura."

Abba ya juya ga kwamfutar. Injiniya ya koma kujerarsa a hankali kamar wanda ke tsoron ta fashe.

"Malam, in ka yarda in nuna maka."

Abba ya matso kusa da teburin. A fuskar kwamfutar akwai layuka masu launi iri-iri, jere kamar gadajen lambu. Injiniya ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ganga ta tafi. Jita ta tafi. Muryar Umma ta tafi. Saura wani siririn layi kore.

"Wannan shi ne yadda mutane suke ji." Fiton ya tashi, mai kauri, daga nesa. "Yanzu na cire amon." Fiton ya matso kusa. "Na mayar da shi saurinsa. Na mayar da shi muryarsa ta asali. Wannan kuma wutsiyar da na yanke ce."

Ya latsa.

Gaɓa biyu, ɗan jan numfashi, gaɓa uku. Sai tari. Sai ƙarar ƙofar shago ana ɗagawa. Sai murya, a toshe da mura:

"Tashi, Mamana, makaranta."

Ɗigo ta kalli Abba. Bakinsa a buɗe yake kaɗan. Hannunsa ya tafi ga haƙorinsa na gefe, wanda ya gutsure tun yana saurayi, ya taɓa shi kamar yau ya fara sanin yana nan.

"Sake," ya ce.

Injiniya ya sake.

"Fiton rago," in ji Ɗigo a ranta, amma ba ta faɗa ba.

Abba ya laluba bayansa ya sami kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon koren layin.

"Kin sani?" ya tambayi Umma, ba tare da ya dube ta ba.

"Tun daƙiƙar farko."

"Ya canza shi fa. Ni kaina ban..."

"Ko cikin ruwa ya tsoma shi zan gane. Wa yake tsayawa kafin gaɓa ta uku in ba kai ba? Shekara nawa ina jin wannan numfashin ta bayan katanga?"

Ɗigo ta ɗago kai. Ashe Umma ta sani. Wata uku tana ɗauke da sirri kamar dutse a ciki, ashe su biyu ne suke ɗauke da shi, kowa a ɗakinta.

"To me ya sa ba ki cire ba?" in ji Abba.

Umma ta kau da kai. Injiniya ne ya amsa, idonsa a kan allon rubutu.

"Kamfanin da ya fitar da waƙar sau biyu suna cewa a cire, a sa sarewa, tunda babu sunan mai shi a takarda. Anti ta ce in aka taɓa shi ta fasa waƙar gaba ɗaya."

"Kai, wa ya tambaye ka?" in ji Umma.

"Yi haƙuri, Anti."

Ta zare abin kunnen daga wuyanta ta ajiye a tebur. Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"Kana zuwa nan kana ihu wai an ba wani fitonka. Ni fa? Nawa ne kafin ya zama na kowa. Kai ka ɗauke shi ka ba wata."

"Wace wata?"

Umma ta nuna Ɗigo da haɓa.

"'Yarki ce fa!"

"Na san 'yata ce, ni na haife ta. Kana tsammanin hakan yana hana shi zafi? Kullum ƙarfe shida ina kicin ina haɗa mata abin tafiya makaranta, sai in ji shi ta bango. Shekara biyu. Ko sau ɗaya ba ka yi kuskuren lamba ba." Ta goge gefen idonta da bayan hannu, da sauri, kamar mai korar ƙuda. "Da na ji shi a cikin waƙata, na ce to, wannan dai ya dawo hannuna. Ko na sata ne."

Ɗigo ba ta taɓa tunanin ana jin wayarta daga kicin ba. Ta tuna safiyoyin da famfo yake tsayawa cak daidai ƙarfe shida, ya ci gaba bayan ɗan lokaci. Ta tuna kuma cewa kwana goma sha tara ke nan Umma tana ƙona burodi.

Abba ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa sun sauka. Ɗigo ta matsa kusa da shi. Ga su nan a ɗaki ɗaya, ba a waƙa ba, da gaske, kuma babu mai ihu. Ta fara lissafin ko gobe ƙarfe shida wayarta za ta yi ƙara.

Sai Injiniya, wanda Allah bai ba shi sanin lokacin yin shiru ba, ya ja aljihun tebur ya zaro takarda.

"Shi ya sa na ce kamar ka san ana nemanka, Malam. Kamfani sun ba mu zuwa Litinin. Ko mai fiton ya sa hannu, ko su sauke waƙar daga ko'ina har a sake ta. Anti ta kasa kiranka, ni kuma ina tsoro. In ka sa hannu shi ke nan. Har ma suna so ka hau dandamali ranar Asabar ka yi shi da bakinka. Mutum dubu goma, Malam! Za su haukace."

Abba ya karɓi takardar. Ɗigo ta ga wani haske ya ratsa fuskarsa da aka ce dubu goma. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa, kamar yadda yake bin waya a cikin rediyo. Yatsan ya tsaya.

"A ina sunana zai zauna?"

"Ga shi nan, a ƙasa."

"Ƙasan nata."

"E, ai ita ce mai waƙar."

"Da ƙananan baƙaƙe."

"Haka ake yi wa duk wanda ya..."

"A dandamalin fa? Ina zan tsaya?"

Injiniya ya gyara tabarau. "Baya kaɗan. Wajen masu amshi. Daƙiƙa takwas ne kawai, sai haske ya sauka a kanka, sai ya koma kanta."

Abba ya ɗaga kai. Sai yanzu ya ga bangon da ke bayan Injiniya: allon gilashin nan na hoto, da wani na biyu, da babban hoton Umma ita kaɗai, sunanta da manyan baƙaƙe. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Hasken fuskarsa ya mutu.

"Waƙa goma sha ɗaya na yi," ya ce, kamar da bangon yake magana. "Na sayar da babur ɗina na farko a kan ta bakwai. Babu wanda ya ji. Yau mura ta kama ni, na yi wa yarinya fito, shi ne miliyan shida. Kuma a cikin waƙar da ake zagina. Kuma a bayanki."

"Ba zaginka na yi ba."

"Mai aski yana min ita da safe. Direbobi suna gwada lasifika da ita a shagona. Yanzu kuma in zo in tsaya a baya in yi miki amshi."

Da Umma ta yi shiru a nan, da wataƙila an rabu lafiya. Ɗigo ta ga maganar tana hawowa a wuyanta, ta ga ta yi ƙoƙarin haɗiye ta. Amma magana ce da ta kwana shekaru tana jiran ƙofa.

"Shekara tara na tsaya a wurin, ban mutu ba," in ji Umma. "Wataƙila kai ma muryarka ta amshi ce."

Injiniya ya rufe ido.

Abba ya miƙe. Bai yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba Ɗigo tsoro. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya goge ta da tafin hannu har ta miƙe, ya zaro biro daga aljihun gaba, ya cire murfin.

"Zan sa hannu."

"Alhamdu lillahi," in ji Injiniya.

"Da sharaɗi ɗaya. Kin ce kin ajiye makulli ba ki ɗauki komai ba sai muryarki. Ba gaskiya ba ne, kin ɗauki yarinya. Ki riƙe waƙarki da dubu gomanki. Mamana ta dawo wurina, kwana shida. Ke ki karɓi Asabar."

"Abban Ɗigo, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani. Ko waƙar, ko ita. Kina da zuwa Litinin."

Ɗigo ta juya ga Umma, tana jiran ta ce a sauke waƙar mana, a ƙona ta ma. Umma ta buɗe baki. Idonta ya je kan takardar, ya je kan bangon, ya dawo. Ɗigo ta sami kanta tana ƙirgawa, yadda ta saba ƙirga filin nan na cikin waƙar. Ɗaya. Biyu. Uku. Har takwas, Umma ba ta ce komai ba.

Ta juya ga Abba. Tun da ya fara maganar bai dube ta ba ko sau ɗaya. Umma yake kallo, biro a hannu, yana jiran ya ga inda zai fi yi mata zafi.

A nan Ɗigo ta gane cewa ba don yana son ta dawo wurinsa Abba ya faɗa ba, don Umma ta rasa wani abu ne. Ta kuma gane cewa gobe ma ƙarfe shida wayarta ba za ta yi ƙara ba.